Ranar da sakatar bindigata ta cije

A jihar Texas na koyi ɗura harsashi, wajen wani dattijo maƙwabcina da muke fita farautar barewa tare idan Nuwamba ta kama. A can doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa: ka tara kwanson da ka harba, ka wanke, ka sa sabon firaima, ka auna albarushi, ka dasa dalma a kai. Firaima shi ne ɗan maɓallin nan na gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke bugawa ya ta da wuta. Ni ƙyastu nake ce masa.

Bindigata .308 Winchester ce. Shekara biyu ina kan awon albarushi guda, kwanson kanti iri guda, ƙyastu iri guda, har na haddace awon kamar karatun allo. Sai 2020 ta zo, ƙyastu ya yi ɓatan dabo a shaguna. Da ƙyar na samu kwali ɗaya, shi ma magnum ne, mai zafin wuta, wanda aka yi domin manyan kwansuna. A makon kuma wani ya sayar mini da bokitin kwanson soja, 7.62, da araha. A ido babu abin da ya raba shi da nawa, in ban da ɗan tambarin NATO a gindi, da'ira da gicciye a ciki. Na zauna dare ɗaya na ɗura hamsin da tsohon awona, har ina yaba wa kaina iya tattali.

Harbin farko a fili, na ji dukan kafaɗa ya fi na kullum, na ce sanyi ne. Na biyu haka. A na uku sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin bindiga, ta cije, sai da na doke ta da tafin hannu kafin ta ɗaga. Dattijon ya karɓi kwanson, ya juya gindinsa ga rana. Ƙyastun ya baje sumul, gefensa mai lanƙwasa ya ɓace, ga wani ɗan tabo mai sheƙi a kan tagullar inda ta matsu da fuskar sakata.

"Me ka canja, ɗana?"

Na ce ban taɓa albarushi ba, ko ƙwaya.

"Ba albarushi na tambaye ka ba."

A garejinsa ya nuna mini abin da ido ba ya gani. Ya ɗora kwanson kanti a sikeli, ya cika shi da ruwa har baki, ya sake aunawa. Ya yi wa na soja haka. Na soja ya fi nauyi, amma ruwan da ya ɗauka bai kai na ɗayan ba. Bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, albarushi iri ɗaya kuwa idan ɗaki ya ragu sai matsinsa ya hau. Ga shi na ƙara masa ƙyastu mai zafi. SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta tsayar da iyakar matsin .308 a 62,000 a ma'aunin matsi na psi, ni kuma dama awona yana dab da ƙololuwar abin da littafin awo ya yarda. Da giren ake auna albarushi, giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, kuma ɗaya ko biyu ma na iya tsallakar da mutum iyaka. Na tuna maharban garinmu da ke auna na adaka da yatsu. Wancan baƙin albarushi ne, yana da haƙuri, wannan marar hayaƙin ba ya yafe ganganci.

Abin da ya fi ba ni kunya, maganar tana shafukan farko na littafin da ke kan teburina: in ka canja ko abu ɗaya, koma awon farawa, wajen kashi 10 cikin 100 ƙasa da ƙololuwa, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan kana duba kwanso. Ni biyu na canja a dare guda, don haka ko da na so gane mai laifi, babu hali.

Sauran 47 ɗin sai da na kwance su ɗaya bayan ɗaya, aikin yini biyu. Na sake farawa daga ƙasa da kwanson sojan kaɗai, uku-uku, na'urar auna gudun harsashi tana gabana. Tun kafin in kai tsohon awon, gudun ya riga ya kai inda nake so, a nan na tsaya. Kwalin magnum ɗin na ba dattijon, yana da bindigar da ta dace da shi. Kwansunan nan uku kuwa suna cikin gwangwanin madara kusa da sikeli.