Gandalf ya ƙwace min Odin

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin hujjojina, abin da ke cin raina ke nan har yau. Na ɗauki Sauron, mugun nan na The Lord of the Rings, littafin marubucin Ingila Tolkien da ya fito a 1954 da 1955, na ce ai Odin ne, babban allan mutanen arewacin Turai na dauri, aka sauya masa riga. Odin ya ba da idonsa ɗaya a rijiyar Mimir don ya sha ruwan hikima, Sauron kuma tambarinsa ido ɗaya ne. Odin yana da zoben Draupnir mai haifar zobba takwas duk dare na tara, Sauron yana da zobe guda mai juya sauran. Odin yana da kyarketai biyu, Geri da Freki, shi kuwa Sauron a zamanin farko ubangidan kyarketai ne, har ya taɓa rikiɗa ya zama ɗaya. Na bi Edda ta Snorri Sturluson, taskar almarar mutanen arewacin Turai, wadda aka rubuta wajen 1220, ina tsintar waɗannan ina jin kaina.

Wanda ya karya ni bai musa min komai ba. Abokin karatuna ne, mutum mai sanyin magana. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "To Malam, tsohon nan mai furfurar gemu da malafa da sanda, mai yawo ƙasa-ƙasa kowa da sunan da yake kiransa, shi kuma ɗan gidan wa ne?" Ya jawo littafin wasiƙun Tolkien da aka buga a 1981, ya ɗora yatsa a kan wasiƙar Disamban 1946, inda marubucin da kansa ya kira tsohon nan, wato Gandalf, matafiyi irin na Odin. Sunan Gandalf ɗin ma daga tsohuwar waƙar Völuspá ya fito, cikin jerin sunayen wadanni.

Wato duk tsawon lokacin nan Odin yana tsaye a gabana da sandarsa, a ɓangaren mutanen kirki, ni kuma ina can ina nemansa a Mordor, ƙasar Sauron.

Da na koma littafin da sanyin jiki, sai maganar idon ma ta fara tangaɗi. Idon nan mai wuta a kan hasumiya fim ne ya dasa mana shi a ka. A rubuce, Sauron yana da jiki, Gollum, wanda ya taɓa faɗawa hannunsa, ya ce yatsu huɗu ne a baƙin hannunsa. Yatsa ya rasa, Isildur ya datse shi a yaƙi ya ɗauke zoben, bai taɓa rasa ido ba. Hankakin Odin kuwa, Huginn da Muninn masu kawo masa labarin duniya, sun fi kama da tsuntsayen leƙen asirin Saruman, matsafin da ya ci amanar mutanen kirki. Ashe mutum uku aka raba wa gadon.

In za ka haɗa wani mugu da gwarzon almara, kafin ka buɗe baki gwada hujjojinka a kan sauran mutanen littafin, musamman jarumin. In rigar ta shige shi, ba ta mugunka ba ce shi kaɗai. Kuma ka fara da abin da marubucin ya faɗa, ko da ba za ka yarda da shi duka ba. Tolkien ɗin nan da aka kwatanta zobensa da na wasan waƙar Wagner, mawaƙin Jamus, cewa ya yi kamarsu ba ta wuce kasancewa duka kewayayyu ba, kuma ban ɗauka iyakar gaskiyar ke nan ba. Amma gara ka san maganar tun a gida da a karanta maka ita a gaban mutane.

Kyarketan dai ban janye su ba, ko abokin nawa bai ce uffan a kansu ba. Yanzu Balor na almarar Ailan nake dubawa, mai idon da ke kashe runduna in an ɗaga masa fatarsa. Na riga na gwada shi a kan Gandalf, bai shige shi ba.