Daga Rigasa zuwa Fas: Yadda Na Koyi Zanen Katako a Maroko

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ni, kuma tun ina saurayi nake aikin fenti a hannun wani maigida da ke karɓar ayyukan gidaje a Unguwar Rimi da Malali da Barnawa. Mun iya gyaran bango, mun iya haɗa kala, mun iya ƙawata silin yadda mai gida zai shigo ya yi murmushi, amma duk abin da muke yi kwaikwayo ne na hotunan da masu gidajen ke nuno mana a waya. Wata rana wani dattijo da ya dawo daga ziyarar Fas ya nuna mana hoton rufin wani ɗaki na katako, an zane shi da taurari da furanni tun daga wannan kusurwa har waccan, ya tambaya ko akwai mai yin irinsa a garin nan. Maigidana ya gaya masa gaskiya cewa babu. Wannan dattijon ne daga baya ya yi mini hanya, ta hannun wani muƙaddami da ya sani, har aka samu wani gwanin sana'ar a Fas da ya yarda ya karɓe ni a matsayin almajiri.

A watan Oktoban 2023 na tashi, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Maroko ranar 8 ga Satumba ta hallaka mutane kusan 3,000. Inna ba ta so tafiyar ba. Ta ce da ni, "Yanzu duk faɗin duniya ka rasa inda za ka sai ƙasar da ta girgiza jiya-jiya?" Sai da yayana ya zaunar da ita ya yi mata bayanin cewa abin ya faru ne a duwatsun da ke kudu da Marrakesh, Fas kuwa tana can arewa da nisa, sannan ta sa mini albarka, ta kuma cusa mini ƙullin kuka da daddawa da yaji a jaka. Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga Abuja na wuce Legas, daga can jirgin sama ya sauke mu a Kasablanka. Sauran tafiyar a jirgin ƙasa aka yi ta, ta Rabat da Meknas, wajen awa huɗu ina kallon gonakin zaitun ta taga.

Tsohon birnin Fas ba ya karɓar mota. A bakin ƙofar Bab Bu Julud, wadda fuskarta ta waje shuɗiya ce ta ciki kuma kore, aka ɗora kayana a kura, muka gangara cikin lunguna waɗanda a wasu wuraren mutum biyu ba sa iya jerawa. Jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, daga tukunyar gas har buhun siminti, kuma idan ka ji an yi ihun "Balak!" to ka manne da bango. An ba ni ɗan ƙaramin ɗaki a saman wani tsohon gida wanda tagoginsa duka ke kallon tsakar gida, babu ko ɗaya da ke kallon hanya.

Sana'ar da na je nema sunanta zuwaƙ, wato zane da launi a kan katako, kuma da ita ake ƙawata rufin ɗaki da ƙofofi da akwatuna da mumbari. Katakon da aka fi so shi ne na itacen arz da ake sarowa daga duwatsun Atlas, mai ƙamshin da ke kama tufafi har ka kwana da shi. Shagon Mu'allim, kamar yadda kowa ke kiran maigidan, bai fi girman zauren gidanmu ba, kuma akwai almajirai da suka girme ni a aikin ko da yake na girme su a shekaru. Farkon zuwana ban taɓa buroshi ba. Gugar katako nake yi har ya yi santsi, in narka gam, in tace launi, in share shago, ni da na baro yara a ƙarƙashina a Kaduna. Abin ya yi mini nauyi a zuciya, amma ban daɗe ba na fahimci cewa wanda bai san yadda katako ke shan launi ba, ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa aikinsa ke ɓarewa bayan shekara biyu ba.

Ga yadda ake yin aikin. Ana fara shafe katakon da launi guda, galibi ja mai duhu. Zanen kansa a takarda ake fitar da shi da kamfas da rula, daga da'ira guda ake raba ta har a samu tauraro mai tsini takwas ko goma sha biyu ko goma sha shida, layukansa su miƙe su sarƙe da na maƙwabcinsa ba tare da an ga inda suka fara ba. Irin wannan zane na lissafi suna kiransa tasɗir, na ganye da furanni kuma tauriƙ. Idan an gama, sai a bi layukan da allura a hudahuda takardar, a shimfiɗa ta a kan katakon, a ɗauki ɗan ƙullin tsumma mai garin alli a riƙa bubbugawa. Da an ɗaga takardar sai ka ga zanen ya fito da ƙananan ɗigo farare. Daga nan almajirai ke cike gurabe da launi, kowa da nasa, wani rawaya, wani kore, wani shuɗi. A da da ƙwai ko gam na fata ake kwaɓa garin launin, kuma Mu'allim yana yin haka har yanzu idan aikin gyaran tsohon gini ne, sauran ayyukan kuwa fentin kanti ake sa musu.

Layin ƙarshe, siririn da ke zagaye kowane ganye ya raba launi da launi, Mu'allim ne kaɗai ke jan sa. Na sha tsayawa a bayansa ina kallo. Buroshinsa na gashin jaki ne da ya ɗaura da kansa, yakan tsoma shi ya murza bakinsa a bayan hannunsa na hagu, ya dafa ƙaramin yatsansa a kan katakon, sannan ya ja layin daga gindin ganye zuwa tsininsa a numfashi guda, ya fara da kauri ya ƙare da siranta. Ba ya komawa kan layin da ya ja. Ranar da ya miƙo mini buroshin ya nuna mini gefen wata ƙofa, hannuna rawa yake yi, kuma da na gama bai ce komai ba illa "mezyan", wato ya yi kyau, ya ci gaba da shan shayinsa. A wannan daren na kira maigidana na Kaduna na gaya masa, ya ce, "Madalla, ka riƙe da kyau."

Zaman kansa ya fi aikin wuya. Na tafi da Larabcin Islamiyya ina ganin zai wadace ni, sai na tarar da Darija, Larabcin da aka haɗiye rabin wasullansa aka kuma cakuɗa shi da Faransanci da Berbanci. Idan na yi magana sukan fahimta, su ce ina yi kamar mai huɗuba, amma idan suka mayar mini da amsa sai in tsaya ina kallon baki. A kasuwa mai kayan miya zai faɗi farashi da riyal, alhali dirhami ne a hannunka, kuma riyal ashirin ne dirhami guda, sai ka yi lissafi kafin ka biya. Gaisuwa ma sai da na sake koyo. Ranar farko na durƙusa a gaban Mu'allim kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, ya yi sauri ya ɗago ni yana girgiza kai, su kuma suna sumbatar kunci ko kan babba, abin da na daɗe ban saba da shi ba.

Sai sanyi. Hunturunmu busasshe ne, da rana ta ɗaga ka cire rigar sanyi. Na Fas jiƙaƙƙe ne, yana fitowa daga bango da daɓen tayil ya shiga ƙashi, kuma a watan Disamba da Janairu cikin ɗaki ya fi waje sanyi domin tsofaffin gidajen an gina su ne don maganin zafi. Na sayi jallabiyar ulu mai hula ina kwana da ita. A shago gam yakan daskare kafin ka gama shafawa, launi ya ƙi bushewa, yatsu su sandare har sai an ɗumama su a jikin kofin shayi. A irin waɗannan dare ne kewar gida ta fi kama ni. Abincinsu mai kyau ne, kuma ba su taɓa barina da yunwa ba: burodi safe da rana da dare, tajin, kuskus duk ranar Juma'a a faranti guda da kowa. Amma nama da busasshen 'ya'yan itace mai zaƙi bai taɓa zama mini abinci ba, kuma cikina tuwo yake nema. Da garin alkamar da suke kira smida na tuƙa na farko, na kaɗa miyar kuka. Ƙamshin daddawa ya sa matar maigidan da nake haya ta hawo sama tana tambayar ko wani abu ne ya lalace. Na zuba mata ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce yajin ne kawai ya yi mata yawa, kuma daga ranar takan aiko mini da miyarsu in aika mata da tawa.

Akwai kuma abin da ba na son ɓoyewa. Baƙar fata a titunan Maroko yakan ji kalmomin da ba su da daɗi, musamman daga yara, kuma wasu na ɗaukar duk baƙin mutum a matsayin mai neman tsallaka teku zuwa Turai. Abin yana da ciwo ƙwarai idan ya fito daga wanda ka yi sahu ɗaya da shi a masallaci. Wata rana wani mai sayen kaya ya yi mini irin wannan magana a shago, Mu'allim ya ajiye buroshi ya ce masa wannan almajirina ne, ya nuna masa ƙofa.

Inda na fi samun sanyin zuciya shi ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Da yammacin Juma'a wurin yakan cika da masu ziyara daga Senegal da Mali da Nijar da Nijeriya, kuma a nan ne na fara jin Hausa bayan dogon lokaci. Wani dattijo Bakano ya ji na amsa sallama ya juyo ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Daga Kaduna, Baba." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ba ni goro daga aljihunsa. A masallatai kuma da ruwayar Warshu suke karatu, kan mazhabar Malikiyya, kuma rubutun Alƙur'aninsu irin na allonmu ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama. Azumin 2024 a can na yi shi. Sun ɗauka kwana guda bayan an ɗauka a gida, sun kuma mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda suka saba yi duk Ramadan a lokacin, ana buɗa baki da miyar harira da dabino, ni kuwa raina na kan kunun tsamiya da ƙosai. Ranar Sallah ƙanwata ta kira ni ta bidiyo ta zagaya da wayar tsakar gida, kowa da sabon ɗinki, Inna na cewa, "Ka ci abinci kuwa?" Da aka kashe wayar na yi kuka.

Ranakun hutu nakan je makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina wajen 1350, in zauna ina kwafar zane a littafina. Tayil ɗin zalij a ƙasa, sassaƙaƙƙen farin gini a tsakiya, katakon arz a sama, duka suna nan bayan shekara fiye da 600. A can ne tunanin Zariya ya riƙa zuwa mini. Mu ma muna da Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, muna da magina da ke fitar da dagi da takobi, har da keke da jirgin sama, a fuskar zaure, su shafe da makuba. Basirar ba ta gaza tasu ba. Bambancin shi ne su ba su bari sarƙar malami da almajiri ta tsinke ba, kuma masu kuɗinsu da hukumarsu suna sayen aikin. Masallacin Hassan na Biyu da aka buɗe a Kasablanka a 1993 dubban masu sana'ar hannu ne suka ƙawata shi, kowane gwani kuma da almajiransa a gefensa. Mu kuwa da bulo da siminti suka shigo sai muka bar zanen ya tafi tare da ginin ƙasa, kamar wanda ya zubar da tsohuwar tukunya da sauran miya a ciki. Wannan abu yana damuna, domin mai kuɗin da zai kashe miliyoyi a tayil ɗin waje ba ya tunanin kiran maginin Zariya ko da don ƙofar gidansa.

Na dawo Kaduna da damina, da takardun zane cike da jaka. Arz babu shi a nan, don haka na shiga Panteka na zaɓo madaci, wanda ya fi shi nauyi da duhu kuma ba ya shan launi da sauri. Aikin farko da na gwada ƙofar zaure ce, na sa dagi a tsakiya na kewaye shi da tauraro mai tsini takwas, kuma lissafin ya zauna daidai. Matsalar da nake fama da ita yanzu ita ce hunturu, domin katakon da bai gama bushewa ba yana tsagewa da zarar iska ta juya, ƙura kuma tana manne wa launi kafin ya kama. Na ware wani ɗaki na jera katakai a ciki su shekara kafin in taɓa su, yara biyu da na ɗauka kuma har yanzu guga suke yi.