Zuciyar doki kan riga ƙafarsa shiryawa

Wanda ya taso a barga irin tamu ta Arewa ya san yadda ake shirya doki don hawan sallah ko sukuwa. A ƙosar da shi da gero da harawa, a ba shi kanwa, a riƙa fita da shi kilisa da yamma, ranar hawa ya fito yana sheƙi. Da wannan sani na je aiki wata barga a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda dawaki ke tseren kilomita 80, ko 120, wani lokaci har 160 a yini ɗaya. Iya riƙe doki da karantar halinsa sun yi mini amfani a can. Wajen ciyarwa da horo kuwa sai da aka sake lale.

Tseren dogon zango ba a yin sa a tashi ɗaya. Ana raba hanyar zango-zango, kuma duk zangon da doki ya gama sai ya bi ta hannun likitocin dabbobi kafin a bar shi ya ci gaba. A ƙa'idar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, dole bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya ko ƙasa da haka, cikin minti 15 da isowarsa. Agogon tseren kuma ba ya tsayawa sai an miƙa shi ga likita. Shi ya sa za ka ga doki ya shigo na biyar, amma ya fita zango na gaba shi ne kan gaba, don zuciyarsa ta riga ta sauran kwantawa.

A wannan ɗan tsakanin aikinmu yake. Mahayi bai gama dirowa ba an kwance majayi an cire sirdi, mutum huɗu ko biyar sun kewaye dokin da bokitan ruwan ƙanƙara, ana kwarara masa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, wurin da manyan hanyoyin jini suke kusa da fata. Ɗaya yana riƙe da na'urar auna bugun zuciya a ƙirjin dokin ta gefen hagu yana kiran lamba: 78, 71, 66. Ba mai ɗaga murya, don ko ihun mutum ɗaya na iya mayar da bugun sama. Likita kuma ba zuciya kaɗai yake dubawa ba. Zai danna dasashi ya ga saurin dawowar jini, ya mintsini fata ya ga ko ta koma nan take, ya saurari kukan hanji, ya shafa gadon baya, sannan a ja dokin da sassarfa mita 40 a dawo. In ya yi ɗingishi, ko da shi ne na ɗaya, an cire shi. Bayan zangon ƙarshe ma haka ne: mutum zai iya tsallake layi kowa na tafi, minti kaɗan baya a ce babu shi a lissafi.

Tun da kowa idonsa na kan wannan lamba ta 64, sai ta zama ma'aunin da masu dawaki ke auna komai da shi. A nan ne na ga inda ake rasa dawaki masu kyau. Zuciya da huhu da tsoka suna karɓar horo da wuri, cikin 'yan watanni za ka ga bambanci. Agara da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna buƙatar abin da ya kai shekara, ƙashi kuma ya fi haka. Saboda haka akwai wani lokaci mai haɗari a rayuwar kowane dokin dogon zango, lokacin da numfashinsa ke cewa a ƙara gudu alhali ƙafarsa ba ta ƙosa ba. Dokin Larabawa kuwa, wanda shi ya mamaye wannan wasa, yana da zuciyar da ba ta san gajiya da wuri ba, ga shi ba ya son wani doki ya wuce shi. Shi da kansa ba zai tsaya ba.

Babban mai kula da bargarmu wani dattijo ne Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Kullum da asuba, kafin a zuba wa dawaki komai, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa ƙafafunsu daga gwiwa zuwa kofato, hagu da dama, yana kwatanta ɗumin wannan da na wancan. Akwai wani kili ɗan shekara shida da kowa ke yabo, wanda zuciyarsa kan sauko kafin a gama zuba bokiti na biyu. Wata safiya dattijon ya kira ni ya ɗora hannuna a bayan ƙafar gaba ta hagu. Na ce, "Baba, ai ba ya ɗingishi." Ya ce, "Yaro, ranar da ya yi ɗingishi ai magana ta ƙare. Yau take da magani." Ɗumin kaɗan ne, kumburin kuma sai ka rufe ido kake jin sa. Mai dokin bai so ba, don ya riga ya sa ransa a wani tsere, amma aka kawo likita ya haska ƙafar da na'ura, aka ga zaren agarar ya fara tsinkewa daga ciki. Dokin ya yi watanni ba ya komai sai tafiya ana jan sa da ragama.

Shi kansa horon, in aka yi shi yadda ya kamata, abu ne mai gundura. Watannin farko tafiya ce kawai da sassarfa, a nesa, a hankali. Ana ƙara nisa ko a ƙara gudu, ba a ƙara su biyun a mako ɗaya. Ana sauya ƙasa: yashi mai zurfi yana gina tsoka amma yana wahalar da agara, ƙasa mai tauri kuma tana ƙarfafa ƙashi in ba a yi yawa ba. Ranakun hutu suna cikin horon, don a cikinsu jiki ke gyara abin da aiki ya taɓa. Dokar FEI ma ta san da wannan, shi ya sa ba a yarda doki ya shiga tseren kilomita 160 ba sai ya kai shekara 8, bayan ya bi matakan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Batun ruwa da gishiri ya ba ni mamaki fiye da komai. Doki mai aiki cikin zafi na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, guminsa kuma ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. Don gishirin yana fita tare da ruwan, ƙishirwa ba ta kama shi yadda ya kamata, sai ka ga ya bushe amma yana kau da kai daga bokiti. Dole a koya masa sha a ko'ina, a kowane irin mazubi, tun a wajen kilisa. Ana ɗura masa haɗin gishiri a baki da sirinji, amma sai in yana shan ruwa. A ba wanda ya ƙi sha, an ƙara masa ciwo. Kanwar da muka saba ba dawaki a gida kuwa ba ta da wuri a ranar tsere. Duk mai girki ta san kanwa tsami take kashewa, in ta jefa ta a miyar yakuwa. Dokin da ya yi awanni yana gumi jininsa ya riga ya rasa ɗan tsamin da yake buƙata, kanwa sai ta ƙara tura shi can. Daga nan ake samun wanda kwiɓinsa ke harbawa daidai da bugun zuciya, ko hanjinsa ya yi tsit. Abinci kuma ciyawa ce kan gaba, hatsi na biye, domin cikin da ke cike da ciyawa yana riƙe ruwa da gishirin da jiki zai ja a kan hanya. Dokin da ya shigo hutu ya sa kai a ciyawa, ya yi fitsari fari tas, hankalinmu ya kwanta. In fitsarin ya fito ja kamar shayi, tsoka ce ke narkewa, ba sauran zancen ci gaba.

Mahayi ma ana shirya shi, ko da yake mutane na mantawa. A manyan gasa dole nauyinsa da sirdi ya kai kilo 75, kuma zai yi awanni a tsaye kan likkafa. Da zarar ya gaji sai ya karkata gefe ɗaya ba tare da ya sani ba, ya riƙa faɗowa kan sirdi da nauyinsa, ya rataya a linzami. Mu da ke cire sirdi mu muke ganin sakamakon: gefe ɗaya na bayan dokin ya kumbura, ko gashi ya goge. Na ga dawakin da aka cire don ɗingishi alhali laifin na kan wanda ke bisa. Mahayan kirki suna horar da jikinsu da gudu da ƙafa, suna sha suna ci ko ba su ji yunwa ba, kuma a sassarfa suna sauya ƙafar da suke tashi a kanta lokaci-lokaci don kada nauyi ya tare wa doki a kafaɗa ɗaya. Komai sabo, takalmi ne ko wando ko shimfiɗar sirdi, ba a fara gwada shi ranar tsere.

Hanyoyin hamada shimfiɗaɗɗu ne, an daidaita su, a lokacin da nake can motoci na bin dawaki ana miƙa goran ruwa, don haka babu abin da ke tilasta wa mahayi rage gudu. Gasar Tevis ta Amurka, wadda aka fara a 1955, mil 100 ce cikin duwatsun Kalifoniya a awa 24, kuma can dutsen da kansa ke taka wa mutum birki. Har kofi na musamman suke ba dokin da ya fi lafiya cikin goman farko. A hamada kuwa karayar ƙafa da mutuwar dawaki sun yi yawan da a 2015 FEI ta dakatar da hukumar dawakin Daular na wani lokaci. An tsaurara dokoki daga baya. Akwai kuma hutun dole na fiye da wata guda ga dokin da ya gama kilomita 160. A ganina wata gudan ma ya yi kaɗan ga mafi yawansu. A bargarmu, bayan irin wannan tsere, akan cire wa doki takalman ƙarfe a sake shi a fili, kuma ba a mayar masa da sirdi sai dattijon ya yi mako yana shafa ƙafafun nan huɗu bai ji ɗumi ba.