Mun je Yankari neman giwa

Tun da muka bar titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima, ƙaramar 'yata ba ta da magana sai ta giwa. Laifina ne, ni na yi mata alkawari tun daga gida, kamar na ɗaure giwar a turke.

Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar fiye da kilomita 40, kurmi hagu da dama. Nan mutum zai gane abin da ake nufi da daji mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200. Tun 1956 aka killace shi, a 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi.

Gwaggon birai ne suka tarbe mu. Ba su da kunya ko ta ƙwabo. Uwargida na buɗe but, wani ƙato ya fizge leda ya haye rufin ɗaki, yana kallonmu kamar mu muka ci bashinsa.

Washegari da sanyin safiya muka bi mai rakiya zuwa gaɓar kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa da rani idan ruwa ya ƙafe a sauran wurare. Mun ga gwambaza, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa suna gudu wutsiya a tsaye, ga ɓauna can nesa. Giwa kuwa, sai sawunta da ɗanyen kashinta, da wata bishiya da ta karya. Mai rakiya ya sa yarinyar ta leƙa sawun, ya ce, "'Yar baba, kin ga ƙafarki biyu za su shige ciki har da saura."

Ta tura baki. "Baba, ai ba sawu ka ce ba."

Maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ce ta raba mu faɗa. Ruwan na ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau har kana ƙirga yatsunka a kan farin yashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Na ce minti ashirin za mu yi. Sai da magariba ta kawo jiki muka fito, ni ne ma na ƙarshe.

A mota ta tambaye ni ko giwa ma tana wanka a can. Wannan karon na yi shiru, ban sake ɗaukar wani alkawari ba.