Mako na uku da tsohon modem: laftof ta hau layin tarho ba igiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu tone-tonen tsofaffin na'urori. Daren Asabar ɗin nan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune kan tabarma a tsakar gida da laftof a cinya, na buɗe Wikipedia ta Hausa ta layin tarho, babu igiya ko ɗaya a jikin laftof ɗin. A ɗaki kuwa modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, bai daɗe da gama kukansa ba, kukan nan mai kama da na gyare da duk wanda ya yi zamani da intanet na wayar girke ya san shi. Sati uku na yi ina fama, to ga yadda aka yi, har da inda na tafka wauta.

Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki wata 'yar na'ura ce da Apple ya fitar a 1999, mai suna AirPort. A wajen ƙaddamar da ita a New York, Steve Jobs ya ɗaga laftof ɗin iBook ya zura ta cikin wani babban zobe don mutane su ga babu waya. A cikin na'urar akwai modem na 56K: layin tarho ya shiga ta baya, wayfai ya fita. Na zaga Titin Beirut da Sabon Gari ban samu ba, sai na ce in babu raƙumi a yi da jaki. Na haɗa tawa da tarkacen da ke hannuna.

Cikas na farko, babu wanda zan kira. Tun da GSM ya shigo a 2001 layukan NITEL suka riƙa mutuwa, kuma ko a Amurka kamfanin AOL ya rufe hidimar intanet ta layin tarho a ranar 30 ga Satumba 2025. Don haka ni ne mai kira, ni ne kamfanin. A kusurwa ɗaya na ajiye tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP da modem na waje. A ɗaya kusurwar akwai 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da ƙaramin modem na USB, shi kuma yana shan intanet daga wayata. Tsakaninsu igiyar tarho ce mai tsawon mita uku. Maƙwabcina da ya leƙo ya ce, wato ka ɗebo ruwa daga kogi kana tace shi ta kafar allura. Ban musa ba.

Wanda zai sayi modem na USB ya lura: ya nemi wanda Linux, manhajar da Pi ke aiki da ita, ke gani da kansa da sunan ttyACM0. Akwai waɗanda rabin aikinsu manhajar Windows ce ke yi, irin waɗannan ɓata lokaci ne a nan.

Kwana huɗu na yi ina haɗa modem biyun kai tsaye, shiru kamar an shuka dusa. Ashe layin tarho na gaske ba waya ce zalla ba, ofishin tarho yana tura masa wuta kimanin bolt 48, kuma modem da yawa ba sa motsi sai sun ji wuta a layi. Maganin bai kai kuɗin cefane ba: batir mai bolt 9, rasisto mai om 330, da ƙaramar kafasito, na yanke ɗaya daga cikin wayoyi biyu na tsakiya na liƙa su da dalma. Na ƙona ɗan yatsa, amma layi ya farfaɗo.

Saura amon layi, wato ƙarar da kake ji in ka ɗaga kan tarho. Layina ba shi da ita, don haka mai kira ya ƙi bugawa. Umarnin ATX3 shi ke ce wa modem ya buga ko bai ji komai ba. Haka kuma babu ƙararrawa, mai amsawa bai san an kira shi ba sai an tura masa umarnin amsawa, wato ATA, da hannu. A nan ɗan yayata ya yi rana. Ni ina gaban XP, shi yana gaban Pi da yatsa a sama.

"Kawu, in danna?"

"Dakata sai ka ji ya gama buga lamba. To, danna!"

Sau biyar muna saɓawa, a na shida suka gaisa. Allo ya nuna gudun bit 31,200 a daƙiƙa. Kada wanda ya ga an rubuta 56K, wato bit 56,000 a daƙiƙa, a kwali ya sa rai. Tsarin V.90 na 1998 yana kai wa can ne kawai idan ɓangaren kamfani yana kan layin dijital. Modem biyu irin na gida iyakarsu 33,600, ko da igiyar taku ɗaya ce.

Ɓangaren wayfai, wanda na fi jin tsoro, shi ya fi sauƙi. A XP na kunna raba intanet a kan haɗin tarhon, na ja kebul zuwa wata tsohuwar rauta, wato na'urar watsa wayfai. Wautata biyu a nan. Na soka kebul ɗin a ramin WAN, na intanet daga waje, alhali a LAN, na na'urorin cikin gida, ya kamata, domin rautar ba ta da aiki sai watsa sigina. Sannan da XP da rautar duk suna riƙe da adireshi ɗaya, 192.168.0.1, kowa na cewa shi ne mai gida. Na canja wa rautar nata, na kashe mata DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi, XP ya ci gaba da rabon adireshi shi kaɗai. Cikin minti goma laftof ta haɗu, sandunan sigina cike fal.

Sandunan nan su suka yaudare ni. Ko wayfai na zamanin AirPort, mai megabit 11, ya ninka layin tarhon nan nawa fiye da sau 300. Laftof dai ta ga wayfai mai ƙarfi, ta ɗauka gidan biki ta shigo. Na buɗe shafi, minti uku babu ko harafi, alhali fitilar karɓa a jikin modem tana ta ƙiftawa ba hutu. Da na duba, sabunta manhajoji ne, da ma'ajiyar hotuna, da manhajar hira, kowa ya sa baki a bututun da ba ya wuce kilobait uku da rabi a daƙiƙa. A wannan gudun megabait ɗaya yana cin kusan minti biyar, shafukan yanzu kuwa da yawa sun haura megabait biyu.

Na shiga saitin wayfai na sanya shi a matsayin haɗi mai awo, na kashe duk abin da ke aiki a ɓoye, na hana birawuza sauke hotuna. Nan take Wikipedia ta fara saukowa layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Da Lynx, birawuzar da rubutu zalla take nunawa, abin har da daɗi. Imel marar hoto yana tafiya lafiya lau. Bidiyo kam kada ma a fara.

Har yanzu ina da saura. In an ɗauke wuta, kwamfutar tebur da rauta sukan mutu tare, sai a sake komai daga farko, kuma yaron ba kullum yake gida ba. Aikin wannan makon shi ne in rubuta wa pppd, manhajar da ke kula da haɗin modem a Pi, ɗan umarnin da zai riƙa tura ATA da kansa yana maimaitawa har a haɗu. Batirin ma ya fara sanyi, jiya da dare 26,400 kawai muka samu, don haka gobe zan gwada biyu a jere da rasisto mafi girma.