Abin da aikin bishara a Cadi ya yi mini

Ƴan'uwa, tun da na dawo Damagaram ake ta tambayata ko wace riba na samu a aikin bishara a Cadi, tun da ba kuɗi na je nema ba. Gaskiya na samu riba mai yawa.

A gida, in ciwo ya kama ka, kafin ka buɗe baki iyaye mata na ikilisiya sun iso da kunu. A Njamena kuwa ba dangi, ba wanda ya san gidanmu. Nan addu'ata ta zama ta gaske, domin Ubangiji kaɗai nake da shi in kai wa kuka da tsakar dare. Littafi Mai Tsarki da nake karantawa tun ina ƙarami, a can na soma jin yana magana da ni kai tsaye, musamman Zabura.

Na koyi Larabcin Cadi a bakin ƴan kasuwa da yaran unguwa, galibinsu Musulmi, kuma su ne suka riƙe ni da mutunci. Wannan ya ƙara mini ganin girman maƙwabtana na unguwannin Birni da Zango a nan Damagaram.

Yanzu ne na gane nauyin da ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka ɗauka da suka sauka Zinder, wato Damagaram, a 1924, ga zafi, ga ƙarancin ruwan garinmu, ga harshen da sai sun koya daga tushe.

Matasanmu na EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wanda duk yake jin kiran nan a zuciyarsa ya same ni bayan sujada ranar Lahadi mu zauna.