Abin da aji ya koya mini a kan must, can da should

Idan ka ɗauki tarin takardun insha'in Turanci na 'yan ajin ƙarshe na sakandare a nan Argungu, kafin ka kai tsakiya za ka ci karo da jumla irin wannan: "You must in the class before eight." Ko kuma: "My father may at the farm." Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma babu kuskuren da ya fi wannan yawan dawowa. Yaron da ya rubuta shi ba daƙiƙi ba ne. Hausa yake yi da kalmomin Turanci, kuma Hausar tasa ba ta da aibi.

Mu muna cewa "Baba yana gona", "Malam yana aji". Babu wani aikatau a tsakani, "yana" ta ɗauke nauyin komai. In muna shakka sai mu ce wataƙila yana gona, in mun tabbata mu ce lalle yana gona. Sai yaro ya ɗauka may ita ce wataƙila, must kuma ita ce lalle, ya ɗora wuri a bayansu ya wuce. Turanci bai yarda da haka ba. Kalmomin nan tara, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must, mataimakan aikatau ne da ake kira modal, kuma ba sa haɗuwa da wuri ko lokaci kai tsaye. Sai an saka aikatau a tsakani, ko da be ce kawai: "My father may be at the farm." Aikatau ɗin kuma tsurarsa ake so, ba s a ƙarshe, ba ed, ba ing, ba to a gabansa. Ought ce ke tafiya da to, ita da have to, kuma su ne ke ruɗa yara har su rubuta "must to go".

Nakan gaya musu cewa a Turancin zamanin Shakespeare, shekaru kusan 400 da suka wuce, mutum na iya cewa "I must away" idan tafiya yake nufi, kuma Jamusanci har yau yana barin irin wannan. Suna jin daɗin sanin haka, don sun ga tunaninsu ba shirme ba ne, harshen ne ya zaɓi wata hanya.

Darasin da ya fi kowane amfani kuwa wata ɗaliba ce ta jawo shi. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, should da me take tafiya ne, da to ko da for?" Na ce mata, "Ke 'yata, should ba ruwanta da su. Je ki tambayi aikatau." Ƙananan kalmomin nan, to, for, on, at da sauransu, a irin wannan wuri kayan aikatau ne. Listen da to take tafiya, wait da for, depend da on, apply da for idan aiki ake nema. Ka canja modal ɗin yadda ka ga dama, should listen to, must listen to, will listen to, ba abin da zai motsa a baya. Modal kamar direban haya ne, zai tuƙa motar amma ba shi ya yi lodin kayan ba.

A nan ma Hausa na jan hannun yaro, kuma ta ɓangarori biyu. Muna cewa "saurari iyayenka", "jira ni", babu komai tsakanin aiki da wanda aka yi wa, sai ya rubuta "You should listen your parents". Wani wurin kuma Hausa ce ke da ƙarin kalma, kamar "tattauna a kan batun" ko "shiga cikin aji", sai ya ƙara abin da Turanci bai buƙata: "We will discuss about the matter." Saboda haka ba na barin su haddace aikatau shi kaɗai. A littafin kowa ana rubuta wait for a haɗe, tamkar kalma ɗaya.

Allon nake rabawa gida uku da alli: modal, aikatau, sai abin da ya biyo baya. Misalan kuma daga bakin kogin Matan Fada muke ɗauko su, inda kowane yaro ya taɓa tsayawa yana kallon masunta da homa da gora ranar bikin kamun kifi. "The fishermen must wait for the gun." "They can float on a gourd." Idan gidan tsakiya ya zauna fayau, tun kafin in yi magana na baya za su ɗauka: "Malam, babu aikatau!" Wannan ya sa ban yarda da dokar hana Hausa a ajin Turanci ba. Yaron da ba a nuna masa daga ina kuskurensa ya taso ba, gyaran jan biro kawai zai kwafa, mako mai zuwa ya maimaita.

Akwai waɗanda ba daga Hausa suka zo ba, daga bakin manya aka ji su. "I can be able to" da "should in case" suna yawo a rediyo da wuraren taro har sun zama kamar daidai. Ba na raina Turancin 'yan Najeriya, amma mai makin WAEC ko NECO zai ja musu layi, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Can da be able to abu ɗaya suke faɗa, sai a zaɓi ɗaya. Be able to tana da ranarta idan wani modal ya riga ya zauna, tunda biyu ba sa jeruwa: ba a cewa "will can", sai "will be able to".

Inda na fi tsayawa da su shi ne ma'ana. "He must be in Jega" na iya nufin an wajabta masa kasancewa a Jega, tana kuma iya nufin mai magana ya tabbata yana can. In abin ya wuce sai su rabu: "He had to go to Jega" tilas ce ta kai shi, "He must have gone to Jega" kuwa hasashe ne mai ƙarfi. Haka must not da need not. Ta farko kada ce, ta biyu ba dole ba. Da yawa daga 'yan matan ajina aikin jinya suke buri, shi ya sa nake sa su karanta "You must not take this drug on an empty stomach" da ƙarfi, sannan kowace ta faɗa da Hausa yadda za ta yi wa tsohuwa bayani a asibiti. Wadda ta ce "Inna, ba dole ba ne ki sha kafin ki ci abinci" sai mu dawo allo tare, har sai ta ce "Inna, kada ki sha sai kin ci abinci".